Ƙofar Bariki da Sojan da Ya Dawo da Rauni

Amurka ba ta yi jinkiri wajen biyan sojan da ya naƙasa ba. Tun a watan Agustan 1776, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci daga Ingila, majalisar 'yan tawayen ta yi alkawarin rabin albashi ga duk wanda rauni ya hana shi neman abinci. A watan Maris na 1865 Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar gina gidajen kula da naƙasassun yaƙin basasa, aka buɗe na farko a Togus, jihar Maine, shekara guda bayan haka. A 1930 aka haɗa duk waɗannan ɗawainiyoyi a hannun hukumar tsofaffin sojoji, wadda kowa ke kira VA. Kuɗi da asibiti dai an bayar. Abin da aka daɗe ana rowarsa shi ne izinin sake shiga bariki.

Wani zai ce, me mutum ya bari a bariki bayan ya tuɓe kaki? Sai ya san abin da ke ciki tukuna. Barikin sojan Amurka gari ne sukutum, kuma kantunansa ba irin kasuwar mami ta barikokinmu ba ce da kowa ke kutsawa ya sayi kifi ya fito. Iri biyu ne. Akwai kantin abinci, kwamisari, wanda asalinsa rumbun gwamnati ne: tun 1825 hafsoshi ke sayen kaya a cikinsa a farashin sari, kurata kuwa sai ranar 1 ga Yulin 1867 aka ba su wannan dama, bayan yaƙin basasa ya fallasa irin tsugar da fatake masu bin rundunoni ke yi musu. Sannan akwai kantin tufafi da kayan gida, PX, wanda Ma'aikatar Yaƙi ta kafa da umarni mai lamba 46 a watan Yulin 1895. Ba a biyan harajin sayayya a ko wannensu. A kwamisari ana ɗora kashi 5 cikin ɗari ne don gini da gyaran kantunan, albashin ma'aikata kuwa Majalisa ke biya, sama da dala biliyan ɗaya a shekara. Ga gidan mai, ga masaukin baƙi mai rahusa, ga filin wasa. Mai iyali yakan ga bambancin a ƙarshen wata.

A da mabuɗin wannan gari kati ne na Ma'aikatar Tsaro, kuma a nan gizo ke saƙar. Katin na wanda ke bakin aiki ne da iyalinsa, da wanda ya cika shekara 20 ya yi ritaya. Sai wanda sojojin da kansu suka ce ba zai iya ci gaba da aiki ba, suka kuma ƙiyasta naƙasarsa da kashi 30 ko fiye. A cikin sauran 'yan mazan jiya, rukuni biyu kawai aka ɗaga wa ƙafa: masu lambar jarunta mafi girma ta ƙasar, da waɗanda VA ta ce naƙasarsu ɗari bisa ɗari ce.

To, ita VA ma'auninta daban. Tana auna naƙasa goma-goma, daga sifili zuwa ɗari. Ƙarar da ba ta yankewa a kunne, wadda harbin igwa ke bar wa mutum, kashi 10 ce. Sifili kuwa ma'anarsa an yarda a wurin aiki ka samo ciwon, amma bai kai a biya ka ba. Saboda haka a da, sojan da ya yi shekara 4 yana sintiri a Iraƙi, ya gama wa'adinsa ya fita da ƙafafunsa, daga baya likitocin VA suka ba shi kashi 70 saboda firgicin yaƙi da ciwon baya, idan ya zo bakin get sai ya juya. Akawun da ya share shekara 20 a ofis bai taɓa jin ƙarar harsashi ba, shi kuwa ya nuna kati ya wuce. Ba laifin akawun ba ne, alkawari aka yi masa kuma ya cika nasa. Amma tsarin ya nuna cewa daɗewa ake sakawa, ba jini ba, kuma haka aka tafi har yaƙin Biyetnam ya zo ya wuce, na Gulf ma haka.

Ƙofar ta fara motsi ne ta intanet. Daga ranar 11 ga Nuwambar 2017, Ranar Tsofaffin Sojoji, duk wanda aka sallama cikin mutunci ya samu damar sayayya a shafin kantunan PX yana zaune a gida. Wannan bai buƙaci maigadi ko binciken mota ba, shi ya sa bai sha gardama ba. Babban sauyin ya zo cikin dokar kasafin tsaro mai ɗauke da sunan Sanata John McCain, wanda shi kansa ya yi fiye da shekara 5 a hannun 'yan Biyetnam ta Arewa. Shugaba Trump ya sa mata hannu a barikin Fort Drum ranar 13 ga Agustan 2018, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. Daga ranar, duk mai naƙasar da ya samo a bakin aiki, ko da sifili aka rubuta masa, yana da hurumin shiga. Haka mai lambar Purple Heart da ake ba wanda abokan gaba suka raunata, da wanda ya taɓa zama fursunan yaƙi, da babban mai jinyar da VA ta yi wa rajista. Ma'aikatar Tsaro ta ƙiyasta su da kimanin mutum miliyan 4.

An yi ta yabon Majalisa, kuma ta cancanci wani abu daga ciki. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Cinikin kwamisari ya faɗo daga kimanin dala biliyan 6 a 2012 zuwa ƙasa da biliyan 5 a 2018, domin rundunar ta ragu, matasan sojoji kuma sun koma Walmart da Amazon. Kanti mai neman masu saye ya waiwaya ya ga miliyoyin mutane tsaye a waje. Ni a ganina tausayi da lissafin ciniki ne suka haɗu a hanya, kuma da lissafin bai zo ba, da tausayin ya ƙara jira.

Shaidar tana cikin ƙananan sharuɗɗan. Dokar ta ce kada sababbin masu sayen su jawo wa Baitulmali ƙarin kashe kuɗi, don haka a 2020 idan ɗayansu ya biya da katin bashi na banki a kwamisari, ana ƙara masa kashi 1.9, in katin cirar kuɗi ne kashi 0.5, abin da ba a karɓa a hannun mai ritaya da ke bayansa a layi. A farko da katin asibitin VA yake shiga, wanda aka buga dalilin cancantarsa a ƙarƙashin hotonsa, kuma zuwan farko sai ya biya ta ofishin baƙi an binciki tarihinsa. Mai tsohon babban laifi na iya komawa gida hannu rabbana. Matarsa za ta iya raka shi a matsayin baƙuwa, ta tura masa keken kaya, amma ba ta da ikon saye da sunanta. Kantin maganin bariki ba ya cikin rabonsa. Wata uku da buɗe ƙofar ma sai ga korona, kwamandoji da yawa suka taƙaita shiga na wani lokaci.

Masu kashi ɗari na dindindin su ne suka ƙara samun wani abu a dokar ta 2018: hawa jirgin soja idan kujera ta yi saura, a cikin Amurka da yankunanta irin su Guwam da Fotoriko. An sa su a rukuni na 6, na ƙarshe a layin kira, tare da masu ritaya, don haka mai niyyar tafiya yakan tanadi kuɗin tikitin jirgin haya ko da za a cike kujerun kafin a zo kansa.