Daga "Bahaushiya" zuwa "Oyoyo": Shekarun da waƙa ta koma cikin waya

A watan Satumba na 2007 kotu a Kano ta yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗaurin wata uku da tarar naira 100,000. Laifin da aka kama shi da shi shi ne fitar da kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna "Bahaushiya" ba tare da ya bi ta Hukumar Tace Finafinai ba, ga kuma zargin cewa akwai raye-rayen da suka wuce gona da iri a ciki. Matashi ne a lokacin, tauraronsa na tashe, ya iya kiɗan fiyano, ya iya rawa, ga murya. Kundin da ya sa ran zai ɗaga shi sama shi ya kai shi gidan yari.

Rashin sa'ar lokaci ya taka rawa. Wata guda kafin nan, bidiyon tsiraicin wata 'yar fim ya bazu a wayoyin mutane, gari ya ɗauki zafi, malamai suka hau mumbari. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗauko Malam Abubakar Rabo Abdulkarim daga Hisbah ta damƙa masa hukumar tacewa, wadda aka kafa tun 2001 amma ba ta taɓa nuna haƙora irin haka ba. Aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na wata shida. Kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki, ana kama masu shaguna da masu situdiyo. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro, aka kuma gurfanar da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan fim ɗinsa "Tsintsiya". Ba za a ce koken iyaye na wancan lokaci ba shi da tushe ba. Sai dai hukunci ya riƙa sauka a kan mai laifi da wanda kawai ya zo wucewa.

A kudancin Najeriya da ƙasashen Turai, in an ce kundin mawaƙi ya faɗi, ana nufin masu sauraro ne suka juya masa baya. Burna Boy ya ɗanɗana wannan. Kundinsa na farko a 2013 ya samu karɓuwa, ya bar kamfanin da ya raine shi, ya fitar da na biyu, "On a Spaceship", a 2015 a ƙarƙashin nasa kamfanin, masu sharhi suka yi masa ca, har wasu suka fara cewa tasa ta ƙare. Sai a 2018 waƙar "Ye" ta dawo da shi, a 2021 ya ɗauki kyautar Grammy. Mawaƙin Kano na shekarun Rabo ba haka tasa faɗuwar take ba. Masu sauraro suna nan, suna ma neman ƙari. Kaset ɗin ne ba shi da hanyar isa Kasuwar Ƙofar Wambai, inda dillalai ke saye su rarraba wa duk ƙasar Hausa.

Da Zango ya fito sai ya tattara ya koma Kaduna, inda dokar Kano ba ta da iko. Daga can ya saki "Oyoyo", waƙar da ya yi wa kansa maraba da dawowa, ya kuma yi wa waɗanda suka ɗaure shi shaguɓe son ransa. Ba ta buƙaci dillali ba. Lokacin wayoyi masu Bluetooth sun fara yawa a hannun samari, kuma masu tura waƙa a kati, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin, sun kafa tebura da kwamfuta a bakin kasuwanni da tashoshin mota. Ka miƙa katinka da 'yan canji, a cika maka shi. Hukuma na iya rufe shago, amma ba ta iya bin aljihun kowa.

A nan ne garuruwa irin su Babura da Kazaure suka shigo cikin labarin, ko da yake ba a cika ambatonsu ba. Har zuwa Agustan 1991 suna cikin Jihar Kano. Ƙirƙiro Jigawa ya raba su da ita a takarda, amma bai raba su da kasuwarta ba. Motar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kunya zuwa Babura, ta wuce Babban Mutum ta nufi Magarya a Nijar, kayan Kano take ɗauke da su, har da abin da ke cikin wayar direba da ta yaran mota. Haka wadda ta bi ta Kazaure zuwa Daura. Abin da alƙali ya haramta a birni, da zarar an tsallaka iyakar jiha ya zama waƙa kamar kowace waƙa. Masu sauraron da suka riƙe waɗannan mawaƙa a shekarun ƙunci, da yawansu ba mazauna birnin Kano ba ne.

A tsakiyar 2009 alƙalin kotun tafi-da-gidanka, Mukhtar Ahmed, ya haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda: sayar da su, kunna su, har tura su ta waya. "Oyoyo" na ciki, da "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, da "Hasbunallahu" ta Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa. Jerin sunayen da aka fitar sai ya zama tamkar talla, wanda bai taɓa jin waƙoƙin ba ya tashi nema.

Shari'ar Ala ta fi ba mutane mamaki. Shi ba mai rawa ba ne, marubucin littattafai ne da ya koma waƙa, Hausarsa mai nauyi, har ya taɓa yi wa shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin waƙoƙi. "Hasbunallahu" kuwa addu'a ce, ta kai ƙara wurin Allah kan masu hana mutane neman abinci, ba ta kama sunan kowa ba. Duk da haka aka kama shi a watan Yulin 2009, aka tsare shi kafin a ba da belinsa. Tun da can Bahaushe ya san zambo da habaici a bakin makaɗa, kuma sarakuna sun san cewa wanda ya tsargu shi ya bayyana kansa. Kamun ya ƙara wa Ala kwarjini. Bayan haka ya ƙarfafa kamfaninsa, Taskar Ala, ya karkata ga waƙoƙin sarauta da na ilimi da tarihi, ɗaliban jami'a suka riƙa rubuta kundayen digiri a kan waƙoƙinsa, daga baya aka naɗa shi Ɗan Amanar Bichi.

Ziriums ya bi wata hanyar. Ya bar Kano, a 2010 ya fitar da kundinsa "This Is Me" ta intanet, abin da ba a saba gani ba a wajen mawaƙin Hausa a lokacin. Ya samu suna a wajen manazarta da 'yan jaridar ƙetare, amma bai samu irin kasuwar da Zango ya samu a gida ba. Ba kowa ne ya farfaɗo daidai da ɗan'uwansa ba, kuma akwai ƙananan mawaƙa da masu kiɗan situdiyo da suka watse a waɗannan shekaru ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A 2011 Rabi'u Musa Kwankwaso ya dawo mulki, zamanin Rabo ya ƙare. Zango ya dawo da ƙarfinsa, finafinai irin su "Basaja" da "Gwaska" suka sa shi a sahun gaba na Kannywood. Sai dai wayar da ta cece shi ita ta kashe cinikin kaset da faifai. Wanda ya saba samun waƙa a kati ba zai koma sayen kundi ba. Mawaƙa suka koma dogaro da abin da kakanninsu makaɗa suka dogara da shi: biki, fada, da 'yan siyasa. Waƙar amarya da ango da waƙar ɗan takara suka fi kundi kawo kuɗi, har YouTube ya zo ya buɗe wata ƙofa.

Hukumar ba ta daina kamu ba. A Satumban 2019, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, aka gurfanar da Naziru M. Ahmad, Sarkin Waƙar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, kan fitar da waƙoƙin da ba a tace ba, a daidai lokacin da fada da gidan gwamnati ba sa ga-maciji. Da aka sauke Sanusi a Maris na 2020, Naziru ya ajiye sarautar da kansa. Cikin shekarar aka fara nuna shirin "Labarina" na Aminu Saira, kuma da fitowarsa a ciki da waƙoƙin da ya yi wa shirin ya samu sababbin masoya da ba su taɓa riƙe faifansa a hannu ba.