Wasiyyar Kwamfuta: Tarihin Juyen Ƙwaƙwalwa

Rubutun wannan mako a kan abin da kwamfuta ke bari ne a daidai lokacin da ta sume, wato juyen ƙwaƙwalwa: ta kwashe duk abin da ke kanta ta zube shi wuri guda, domin masu gyara su gano abin da ya kayar da ita.

Labarin ya faro ne daga zobba. A 1953 aka sanya wa kwamfutar Whirlwind ta jami'ar MIT da ke Amurka sabuwar ƙwaƙwalwa, aikin Jay Forrester da abokansa. Ƙananan zobba ne masu maganaɗisu, an zura musu wayoyi kamar saƙar tabarma, kowane zobe yana riƙe da sifili ko ɗaya. Da hannu ake saƙa su, kuma akasari mata ne masu aikin. Sunan zoben da Turanci core. Idan manhaja ta tsaya cak, sai a buga abin da ke cikin zobban a takarda, shafi bayan shafi na lambobi zalla, injiniya ya zauna da fensir yana bin sawu. Daga 1970, da fitowar Intel 1103, zobban suka fara ja da baya har suka ɓace. Sunan kuwa ya ƙi tafiya. Har gobe a Unix da Linux, fayil ɗin da manhaja ke bari idan ta faɗi core ake kiransa, alhali yawancin masu buɗe shi ba su taɓa ganin zoben ba. Masu son ƙirƙiro mana kalmomin fasaha su lura da wannan.

Shuɗin allon nan na Windows ya zo da NT 3.1 a 1993. Daga baya aka bar wa mai kwamfuta zaɓi: ƙaramin juye da bai wuce ɗaruruwan kilobait ba, ko cikakke, wanda ake ajiyewa da sunan MEMORY.DMP, mai cin wuri kusan girman ƙwaƙwalwar baki ɗaya. Akwai kuma saitin da ke sa ta sake tashi da kanta. A ganina shi ya fi cutar da mai koyo, domin allon na wucewa kafin ka karanta laifin.

To amma juye ba ya tankaɗe. Cikakkensa na iya ɗauke da kalmar sirri, da wasiƙa, da babin littafin da kake rubutawa ba ka adana ba. Shi ya sa Linux ba ta barin manhajoji masu iko na musamman su yi juye sai an ba da izini. A Satumbar 2023, bayan masu kutse sun shiga imel ɗin jami'an gwamnatin Amurka, Microsoft ta ce mai yiwuwa makullin sirrin da aka sace ya fita ne ta wani juye na Afrilun 2021. A Maris ɗin 2024 ta dawo ta ce ba ta samu juyen da ke ɗauke da makullin ba. Ko da hakan, kamfanin da kansa ya ɗauki zancen a matsayin abin da zai iya faruwa, har ya wallafa shi.