Gonar Bulcão: Ƙasar da Ta Mayar da Salgado Bakin Aiki

A yankin Aimorés na jihar Minas Gerais, cikin kwarin kogin Doce a ƙasar Birazil, akwai wata gonar kiwo da ake kira Bulcão. A nan Sebastião Salgado, wanda aka haifa a 1944, ya yi ƙuruciyarsa. A wancan zamani kurmi ya lulluɓe babban ɓangare na gonar, ƙoramu na gudana, shanun mahaifinsa na kiwo a gefe.

Yaron ya girma ya karanci tattalin arziki, har ya samu aiki a Ƙungiyar Kofi ta Duniya da ke Landan. A 1973 ya ajiye aikin ya rungumi kyamara, kuma cikin ayyukansa na farko akwai hotunan farin da ya addabi Nijar a shekarar. Ya sake dawowa yankin Sahel a 1984 da 1985, ya ɗauki hotunan ma'aikatan haƙar zinariya a ramin Serra Pelada na Birazil a 1986, sannan ya ga kisan kiyashin Ruwanda da idonsa a 1994. Wannan tafiya ta karya masa zuciya, ta kwantar da shi rashin lafiya, har ya yi tunanin barin sana'ar.

Da ya koma gida, gonar ma ta mutu. An sare itatuwa, shanu sun tattake ƙasa, ruwan sama ya zaizaye tuddai, ƙoramu sun ƙafe.

Matarsa Lélia ce ta kawo shawarar a sake dasa kurmin. A 1998 suka kafa cibiyar Instituto Terra, suka fara dashe a shekarar da ta biyo baya. Yawancin dashen farko bai kama ba, amma ba su fasa ba. Sannu a hankali aka dasa itatuwa sama da miliyan 2 na asalin yankin a fili mai faɗin fiye da hekta 600. Idanun ruwa suka farfaɗo, tsuntsaye da namun daji suka dawo.

Farfaɗowar gonar ce ta juya akalar kyamararsa daga wahalar ɗan Adam zuwa ita kanta ƙasa. Daga 2004 ya shafe shekara 8 yana bin wuraren da hannun mutum bai lalata ba: tsibiran Galapagos, ƙanƙarar Antatika, rairayin Sahara, da makiyayan Nenets a Saberiya. Duk hotunan baƙi da fari ne, hadari ya haɗu a sama, haske na ratsa gajimare, mai kallo kuma na tsayawa tsakanin fargaba da mamaki. Aikin ya fito a 2013 da sunan Genesis, sai wani aikin mai suna Amazônia ya biyo baya a 2021.

Salgado ya rasu a Paris a watan Mayun 2025 yana da shekara 81. Cibiyar tana nan a Bulcão, tana rainon dashe tana kuma taimaka wa manoman kwarin Doce su farfaɗo da idanun ruwan gonakinsu.