Taron karrama dattawa a Kankiya da Kusada: wace waƙa za a sa, wace za a bari?

Idan ƙungiyar ci gaban gari ko ta tsofaffin ɗalibai ta shirya taron karrama dattawa a Kankiya ko Kusada, abin da aka fi bari sai ana gobe taro shi ne zaɓen waƙoƙi. Akan danƙa aikin a hannun mai lasifika, shi kuwa ya zuba abin da ke cikin wayarsa. Ta haka ne dattijon da ya haura saba'in yake shafe awa uku yana sauraron kiɗan jikokinsa a taron da aka ce nasa ne.

Tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1 ga Oktoba a matsayin ranar tsofaffi, Japan kuma tana da hutun girmama tsofaffi tun 1966. A nan ƙasar Katsina an fi haɗa irin wannan taro da hutun Sallah, lokacin da 'yan gari suke gida.

Matakin farko lissafi ne. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa abin da mutum ya ji ko ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 ya fi zama daram a ƙwaƙwalwarsa. Wanda aka haifa a 1950 ya yi ƙuruciya da samartaka tsakanin 1960 da 1980, zamanin garmaho da Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, kafin kaset ya cika kasuwa. Waƙoƙin wannan tsakanin ake nema.

A wannan yanki ba a tsallake Alhaji Mamman Shata. An haife shi a 1923 a Musawa, maƙwabciyar Kankiya, kuma a shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Ga dattawan nan, kalangun Shata kiɗan gida ne. Wasunsu sun tsaya a filin da yake wasa. Bakandamiya takan wadatar wajen buɗe taro.

Sai dai a wurin Shatan ne kuma ake fara yin tuntuɓe. Waƙoƙinsa cike suke da sunayen mutane na gaske: sarakuna, attajirai, direbobi, mata. Wani ya sha yabo, wani ya sha zambo ko habaici, kuma 'ya'ya da jikokin waɗannan mutane suna raye, wataƙila ma suna zaune a sahun gaba. Wanda bai saurari waƙa daga farko har ƙarshe ba, kada ya sa ta a lasifika.

Siyasa ta fi wannan sarƙaƙiya. Dattawan da yau suke zaune a tabarma ɗaya ba jam'iyya ɗaya suka yi ba. A Jamhuriya ta Farko akwai 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano, akwai 'yan NPC ta Sardauna, kuma wasu gidajen sun ɗanɗana ɗauri saboda wannan bambanci. A 1979 PRP ta ci kujerar gwamnan Kaduna da Balarabe Musa, majalisar da NPN ta yi wa rinjaye ta tsige shi a 1981. Waƙar Musa Ɗanƙwairo ta yabon Sardauna na iya sa wani dattijo hawaye, ta sa na kusa da shi ya haɗe rai. Shata kansa ya faro ne daga ɓangaren NEPU, ya yi GNPP da NPN, ya kuma shugabanci SDP a Funtuwa, don haka sunansa kaɗai ba ya nuna inda waƙa ta dosa. Mafita ita ce ko dai a bar waƙoƙin jam'iyya gaba ɗaya, ko a sa na kowane ɓangare tare da faɗin shekararsu da dalilinsu, su zama darasin tarihi ga matasan da ke wurin.

Haɗarin da ya fi kusa na yau ne. Kankiya da Kusada da Ingawa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma ɗan siyasar da ya biya kuɗin rumfa da kujeru yakan so a ji waƙarsa. Da zarar an sa ta, taro ya tashi daga na dattawa ya koma gangami. Gara kwamiti ya rubuta wannan sharaɗi kafin ya karɓi ko sisi.

Ana yawan mantawa da iyaye mata. Kiɗansu na cikin gida shi ne amada, na ƙwarya, wanda Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta fito da shi fili. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya dace da zauren da ya haɗa maza da mata, domin ya fi yi wa talaka da zaman aure waƙa. Akwai kuma dattawan da suka daina jin kiɗa saboda addini. Su Infiraji ta Aliyu Namangi ko Ishiriniya ta fi kwanta musu.

Sauran aikin na kunne ne. Shata ba ya maimaita waƙa iri ɗaya sak, don haka waƙa guda tana da zubi da yawa, kuma wadda ake turawa a waya a kasuwa sau da yawa an datse ta. A kai wa biyu ko uku daga cikin waɗanda za a karrama jerin tun da sauran mako guda, su ji, su faɗi zubin da suka sani. Ranar taro kuma a rage ƙarar lasifika, a nisanta ta daga kujerunsu, don su iya jin baitin su kuma ji juna.