Daga Fijo zuwa Kwatano: Wa Ke Zaɓa wa Magidanci Motarsa?

Magidancin da ya tara 'yan kuɗinsa ya fita neman motar farko yakan ɗauka zaɓi a hannunsa yake. Yana da launin da ya kwanta masa, uwargida tana da nata ra'ayin game da yawan kujeru, abokan aiki kuma kowa da motar da yake yabo. Amma tarihin cinikin mota a Arewa na shekara hamsin ɗin nan yana nuna cewa kafin ya isa wurin dillali an riga an yanke masa yawancin hukuncin. Darajar naira da dokar kwastan su ke yanke irin motar da za ta shigo ƙasa, bakanike da mai sayar da safaya kuma su ke yanke wadda za ta yi tsawon rai. Saboda haka motar da ta cancanci a kira ta mai araha a kowane zamani ita ce wadda garin mai ita ya riga ya iya gyarawa, ko da kuwa ta fi 'yan'uwanta tsada ranar ciniki.

Tun a watan Afrilun 1972 aka ɗauki matakin da har yau yake bin mai sayen mota, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta rainon Faransa. Daga ranar, motar da ta dace da titinmu ita ce mai sitiyari a hagu. Shi ya sa Kenya da Tanzaniya, masu tuƙi ta hagu, suka cika da tsofaffin motocin da aka yi amfani da su a Japan, mu kuwa tamu kasuwar ta fuskanci Turai, daga baya Amurka. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, sannan aka kafa masana'antun manyan motoci a Kano da Bauchi da Inugu da Ibadan. Lokacin ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji da bunƙasar man fetur, naira ta fi dala daraja, ma'aikacin gwamnati yana da bashin mota da ake cirewa a albashi sannu a hankali. Tashar jiragen ruwan Legas ta cunkushe har ta kai ana ɗauko sassan Fijo ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, a kai su Kaduna a haɗa. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da Fijo 504 motar manyan jami'ai, kuma a farkon shekarun 1980 masana'antar Kaduna tana fitar da mota wajen dubu sittin a shekara. A wancan zamani malamin makaranta mai digiri sabuwa dal yake saye, da leda a kujerunta.

Ana yawan yabon 504 da ƙarfin jiki, kuma ta cancanci yabon, domin ƙafafunta sun jure ramukan hanyar Funtuwa da yashin Gaidam. Sai dai ƙarfi kaɗai ba ya bayyana yadda ta mamaye ƙasa, tun da Volvo da Marsandi na lokacin ba su gaza ta ƙarfi ba. Abin da ta fi su shi ne yawa. Da gwamnati da 'yan sanda da direbobin tasha duk suka taru a kan mota ɗaya, sai kowane gareji ya zama makarantarta. Yaron da ya shiga koyon kanikanci a Panteka ko Ƙofar Ruwa a kan kafiretar Fijo ya buɗe ido, ya koyi jin ciwonta daga sautin inji kafin a buɗe bonet. Wanda ta lalace masa a ƙauyen da ko lantarki babu zai sami mai kwance ta da sifana uku ya tayar da ita kafin magariba. Wannan tarin sani da ke hannun dubban mutane shi ne ya sa ta yi araha a riƙo, shi ne kuma ya sa aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa an daina yin ta tun 1983.

Tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida a 1986 ne ya rufe wancan babi. Cikin 'yan watanni dala ta tashi daga kusan naira ɗaya zuwa wajen naira huɗu, ta ci gaba da hawa. Tun da sassan da ake haɗawa a Kaduna daga waje ake sayo su, farashin sabuwar mota ya bi dala, albashi kuwa ya tsaya inda yake. Buƙatar mota ba ta mutu ba, sai ta nemi wata ƙofa. A birnin Brussels na Beljiyam, a unguwar titin Heyvaert, 'yan kasuwa, da yawansu Lebanawa, suka riƙa tattara motocin da Turawa suka gaji da su daga Jamus da Holan da Faransa, ana loda su a tashar Antwerp. Dalilin da ya sa har yau ake ce wa mota "Beljiyam" ke nan ko da daga Texas ta taso. Yawancin motocin a Kwatano suke sauka, domin Jamhuriyar Benin ta gane cewa tsadar harajin Nijeriya da hane-hanenta abin ci ne a gare ta. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ƙara wa hanyar armashi. A farkon shekarun 2000 mota sama da dubu ɗari biyu ke sauka a Kwatano duk shekara, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan takwas ba, kuma kowa ya san inda suka nufa.

Hanyar da ta fi shafar Arewa ita ce ta Nijar. A takarda ana rubuta cewa motar ta Nijar ce, ratsa Benin kawai take yi. Sai a jera su ayari guda, kowace da direbanta, gilashinta da rubutun alli na tashar jirgi, but cike da tsofaffin tayoyi da firji da talabijin da aka cusa tun daga Turai don kada wuri ya tafi a banza. A bi ta Parakou zuwa Malanville, a haye gadar Kwara a shiga Gaya, daga nan Dosso, sai Birnin Ƙonni ko Maraɗi, wasu har Damagaram. Daga can a sulalo ta Illela ko Jibiya ko Maigatari, wasu su biya kwastan, wasu kuma su bi daji da dare fitilu a kashe. Alhazan Maraɗi da takwarorinsu na Katsina da Kano, waɗanda suka daɗe da sanin harkar fito a atamfa da taba sigari, ba su sha wahalar ƙara mota a cikin hajarsu ba. Gwamnati ta yi ta sauya dokar shekarun motar da aka yarda a shigo da ita, daga biyar zuwa takwas zuwa goma har sha biyar, kowane sauyi kuma sai ya sauya hanyar da ake bi da kuɗin da ake ba masu fito, motocin dai ba su daina zuwa ba.

A nan ne hujjar ta fi fitowa fili, domin Kwatano ba ta zaɓi iri ba. Ta kawo Opel da Renault da Citroën da Fiat da Mazda da Mitsubishi da Volkswagen da Toyota da Honda, duk a kan farashi makusanta. Bayan shekara ashirin sai a duba waɗanda suka rage a titi. Golf 3 ta zama motar haya daga Sakkwato har Maiduguri, Sharan ta karɓi dogon zango, Vectra ta sami gindin zama a wasu garuruwa, Corolla da Camry da Accord suka zama motocin gida. Sauran kuwa suna jibge a bayan gareji, kaji na ƙwai a cikinsu, yawancinsu ba don injin ya mutu ba, sai don wani ƙaramin abu da aka nema daga Ƙofar Ruwa har kasuwar Ladipo ta Legas ba a samu ba. Masu shigo da safaya na gwanjo suna kawo abin da ake yawan tambaya, kanikawa suna ƙwarewa a abin da ake yawan kawo musu, masu saye kuma suna bin abin da kanikawa suka ce sun iya. Da zarar mota ta shiga wannan zagaye sai ta ƙara araha a riƙo kowace shekara, wadda ta faɗa wajensa kuwa ko kyauta aka ba mutum, an ba shi ɗawainiya.

Za a ce wannan shawara ce ta bin ayari, kuma bin ayari yana da tsada. Gaskiya ne, Corolla mai shekara goma sha biyar takan fi wata Baturiyar mota mai shekara goma kuɗi, ga shi ɓarayi sun fi son wadda sassanta ke da kasuwa. Amma mai wannan ƙorafi yana lissafin rana ɗaya ne, ranar saye, alhali magidanci zai zauna da motar shekara biyar ko fiye, kuma wata rana zai so ya sayar. Ƙarin da ya biya a farko yana dawo masa ranar da ya kai ta bakin titi aka taya kafin la'asar, yayin da mai waccan zai yi wata uku yana jiran wanda zai ko leƙa. A ƙasar da naira ke zubewa, motar da ake rububi wata irin ajiya ce, mutane da yawa sun sayar da tasu fiye da yadda suka saya. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a harkar mota rangwamen da ya yi yawa alama ce cewa kasuwa ta san wani abu da mai saye bai sani ba tukuna.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Masu shi suna cewa wannan ciniki ya mayar da ƙasar juji, ya kashe masana'antu, ya cika iska da hayaƙi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma, da yawa kuma ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a ƙasashen da suka fito ba. Batun hayaƙi da haɗari ba abin musu ba ne. Amma a batun masana'antu an juya tarihin ne. Faɗuwar naira ce ta fara durƙusar da Kakuri, Kwatano ta zo ta tarar da gurbi. An kuma gwada maganin da masu ƙorafin ke so. Tsarin motoci na 2013 ya kai harajin shigo da mota kashi 70 cikin ɗari, an hana shigo da mota ta kan iyakar tudu daga Janairun 2017, an rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Sabuwar motar da malamin makaranta zai iya saye ba ta fito daga duk wannan ba. Abin da ya fito shi ne tsadar ta hannu, har gwamnati da kanta ta sassauta harajin a dokar kuɗi ta 2020. Ba a gina masana'antar mota a kan jama'ar da ba ta da bashin mota mai sauƙin ruwa, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa mai neman abin kai yara makaranta laifin wannan rashi.

Akwai gyara ɗaya da tarihin yake yi wa tsohuwar hikimar kasuwa. An daɗe ana ganin Beljiyam ko yaya take ta fi wadda aka hau a gida. A shekarun 1990 hakan yana da tushe, domin yawanci motar wani Bajamushe ce da ya kula da ita ya canza. Da kasuwa ta karkata Amurka, kaso mai yawa ya koma fitowa daga gwanjon kamfanonin inshora, wato motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, aka ga gyaransu a can bai biya ba. A nan ake buga su a yi musu fenti, a mayar da maleji baya. Shi ya sa bakaniken kirki ba ya tsayawa kallon ƙyallin jiki. Yakan ɗaga kafet ya shafa ƙasan ya sansana, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya ga ko akwai tabon laka, ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko ya yi fari kamar madara, ya kunna makulli ya ga ko fitilar jakar iska ta kama ta mutu yadda ya kamata ko an cire ƙwanta. Lambar casis kuma yau ana iya bincika ta a intanet a ga hoton motar ranar da aka yi gwanjonta. Takardar kwastan ita ma sai an tabbatar da ita a ofis, domin wanda ya sayi motar fito ya sayi rigimar da za ta tare shi a shingen hanya shekaru bayan dillali ya ci la'adarsa. Motar maƙwabci da aka san tarihinta, aka san bakaniken da ke duba ta, sau da yawa ta fi baƙuwar da ba a san komai nata ba sai fenti.

Tun daga 2023 lissafin ya sake juyawa. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, dala ta haura naira 1,500 a 2024, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma ya rufe gadar Malanville da Gaya. Beljiyam ta fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata, cinikin ya koma tsakanin 'yan gida, manyan injuna masu silinda shida da a da ake taƙama da su suka zama kaya, kowa yana neman mai huɗu. Masu haɗa fetur da batir da masu aiki da gas da sababbin motocin Sin suna shigowa, kuma wasunsu sun fi tsohuwar Corolla sauƙin mai nesa ba kusa ba. Ko za su zama motocin gida, wannan zai dogara da ranar da batirinsu da na'urar gano ciwonsu za su cika shagunan Ƙofar Ruwa, yaran gareji kuma su fara koyo a kansu. Prius ta riga ta fara samun masu gyaranta a Abuja da Kano, amma mai zama a Argungu yana da tafiyar yini kafin ya kai ga ɗayansu.