Agogon kafinta da mutumin da ya tashe shi

A watan Janairu na 1851 Turawa uku, Richardson da Barth da Overweg, suka sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri, suka rabu a Tagelel, cikin ƙasar Damargu. Richardson ya nufi Damagaram, Barth kuma ya yi Katsina da Kano. Da agogo da kamfas Barth ya riƙa auna tafiyarsa zango-zango, har aka zana taswirar hanyar. Wannan dabara ta auna ƙasa da lokaci tana da asali, kuma a shagon kafinta aka reni wani sashenta.

John Harrison, wanda aka haifa a Ingila a 1693, kafinta ne da ya koya wa kansa ƙirar agogo. Na farkonsa, a 1713, da katako ya sassaƙa haƙoransa. A 1714 majalisar ƙasar ta sa ladar fam 20,000 ga duk wanda ya samo hanyar da jirgin ruwa zai san inda yake tsakanin gabas da yamma. Lissafin bai da wuya: bambancin awa ɗaya tsakanin lokacin gida da na inda kake, digiri 15 ne. Wuyar ita ce agogon da girgizar teku ba za ta rikita ba. A 1735 Harrison ya gama wanda ake kira H1, da tagulla da katako, har da wani ice mai maiƙo da ba ya bukatar a ɗiga masa mai.

Da aiki ya biya, sai aka jingine agogunan a Greenwich, danshi da tsatsa suka cinye su. A 1920 wani tsohon hafsan sojan ruwa, Rupert Gould, ya gan su, ya roƙi a ba shi ya gyara ba tare da ko kwabo ba. Shekara 13 ya yi a kai. Ya riƙa zana sassansu, har ya cika littattafai 18. A watan Fabrairu na 1933 H1 ya sake bugawa. Masana na baya sun soki wasu gyare-gyarensa, amma rubutun da ya bari shi ke nuna musu inda hannun Harrison ya tsaya da inda nasa ya fara.

Malamai da iyaye, a gidajenmu na Tanut da Belbeji akwai tsofaffin agogunan bango, da allunan kakanni, da akusa, da siraden raƙuma. Mu abokan gābarmu gara ce, da ƙura, da bushewar hunturu mai tsaga ice. Amma gyaran gaggawa ya fi su ɓarna: a kankare, a shafa fenti, a jefar da guntun da ya karye. Kafin a taɓa, a ɗauki hoto, a sa yaro ya tambayi tsofaffi ya rubuta wa ya kawo shi, daga ina, a wace shekara. A ɗaga shi daga ƙasa, a kawar da shi daga rana, a adana kowane guntu a ƙunshi guda.

Wanda ya gaji irin wannan kaya amana ce ya karɓa. In babu gwanin gyara a kusa, gara a ajiye agogon a tsaye da labarinsa a rubuce, har ranar da gwanin zai zo.