Sadaukan Takarda da Hukuncin Masu Karatu: Waiwaye Daga Abbaganaram

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a unguwar Abbaganaram ta birnin Maiduguri a shekarun 1980, kuma ya taɓa zaman benci a makarantar boko, da wuya a ce bai taɓa riƙe littafin zane ba, wato irin littafin nan da ake ba da labari a cikinsa ta hanyar jera hotuna, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa cikin ɗan da'ira. Mu da muka yi wannan zamani muna tune da yadda kwafi ɗaya yakan zaga yara goma kafin ya koma hannun mai shi, bango ya yage, shafin ƙarshe ya ɓace. Da an gama karatu kuma sai gardama ta kaure a kan wane sadauki ya fi wani. Wannan maƙala za ta bi tarihin waɗannan littattafai a Nijeriya, domin ta nuna cewa ra'ayin masu karatu ya yi tasiri ƙwarai a kan rayuwa da mutuwar kowane sadauki, sa'an nan ta tambayi inda mai karatun Hausa ya tsaya a cikin wannan tarihi.

Kafin Zuwan Baƙi

Ba daga Turawa muka fara jin labarin mutum mai ƙarfin da ya wuce misali ba. A ƙasar Barno akwai labaran mutanen Sau, waɗanda ake cewa ƙattai ne da suka zauna a yankin Tafkin Cadi tun kafin kafuwar daular Barno. A rubutaccen adabin Hausa kuwa, Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara ya fito a 1934, shekara huɗu kafin Jerry Siegel da Joe Shuster su fito da Superman a Amurka a 1938. Bayansa aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, sai kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, wanda ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Ashe ke nan lokacin da sadaukan takarda suka iso, sun tarar da masu karatu da suka riga suka mallaki ma'aunin da za su auna su da shi.

Zamanin Spear

Yayyenmu ba su da labarin da ya wuce na Lance Spearman, wanda suke kira Spear. Shi ne jarumin mujallar African Film, wadda kamfanin Drum ya riƙa bugawa daga 1968 zuwa 1972, ana sayar da ita a Nijeriya da Gana da Kenya da wasu ƙasashen Afirka masu amfani da Turanci. Hotunan mutane ne na gaske aka jera maimakon zane, don haka karanta ta ya yi kama da kallon majigi a takarda. Spear ɗan leƙen asiri ne baƙar fata, mai kwat da malfa, gwanin dambe da harbi, kullum yana fafatawa da wani mugu mai suna Rabon Zollo. Abin da ya ja hankalin matasa shi ne ganin mutum mai kamarsu yana tuƙa mota ta alfarma, yana kuma yin galaba. Amma a gidajenmu ba a yi masa kallon abin koyi ba, domin taba ba ta rabuwa da bakinsa, kuma mashayin giya ne. Yaro yakan karanta shi ne a ɓoye, a cikin littafin lissafi. Wani abin da yawancin masu karatu ba su sani ba a lokacin shi ne, daga kudancin Afirka ake shirya labarin, a zamanin mulkin wariyar launin fata.

Powerman da Mighty Man

A 1975 aka fara sayar da Powerman a Nijeriya, sadauki baƙar fata mai tashi sama, wanda ba abin da ke karya lagonsa sai saran maciji. Turawan Ingila ne suka rubuta shi suka zana, ciki har da Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna a duniya a wannan sana'a. An sa wa kowane hoto lamba don kada mai karatu ya rikice wajen bin labarin, abin da ke nuna irin kallon da masu bugawa suke yi wa masu saye. Bai wuce shekara biyu ba ya tsaya, a 1977.

A daidai wannan lokaci aka fito da wani sadaukin a Afirka ta Kudu mai suna Mighty Man, wanda aikinsa shi ne kama ɓarayi da 'yan daba a unguwannin baƙar fata, amma bai taɓa ɗaga yatsa a kan zaluncin gwamnati ba. Daga baya ta bayyana cewa ma'aikatar watsa labarai ta gwamnatin wariya ce take ba da kuɗin buga shi a asirce. Tun kafin asirin ya tonu masu karatu sun yanke hukunci, domin a boren Soweto na 1976 an ƙona rumfunan da ake sayar da shi, kuma bai daɗe ba ya mutu. Darasin da ke nan a fili yake: baƙar fata kaɗai ba ta isa ta sa a karɓi sadauki ba, sai an ga wa yake karewa.

Captain Africa da Tsadar Takarda

Namu zamanin shi ne na Captain Africa, wanda wani ɗan Gana mai suna Andy Akman ya zana, aka fara bugawa a Nijeriya a 1987. Tufarsa koriya ce, da taswirar Afirka a ƙirji. A wannan karo ɗan Afirka ne ya riƙe alƙalamin, kuma mun ji bambancin. Duk da haka gardamarmu ba ta ƙare ba. Wasu suna ganin Superman ne kawai aka sauya wa riga, wasu kuma suna tambayar dalilin da zai sa namiji baligi ya fita bainar jama'a cikin matsattsun kaya. Iyayenmu kuwa suna cewa duk mai tashi sama ba da fukafuki ba, to, da aljanu yake aiki.

Sai dai ba gardama ce ta kashe kasuwar ba. Shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, takarda da tawada suka yi tsada, littafin zane ya fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta. A wannan tsakani ne Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa. Ban da littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, an sami littattafan yaƙi, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya shahara da su, cike da sadaukai da matsafa da takubba. Masu karatu suka rungume su, ko da yake hoton da ke ciki bai wuce na bango ba. Wannan ya tabbatar mana cewa ƙishin labarin jarumta yana nan, kuma idan an ba Bahaushe zaɓi tsakanin hoto da harshensa, harshen yake ɗauka.

Sabon Ƙarni

Da zuwan intanet da wayar hannu sai sana'ar ta farfaɗo a Legas. Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013, da sadaukinsa Guardian Prime. Roye Okupe ya fito da Malika a 2017, sarauniya mayaƙiya ta wata ƙagaggiyar daula mai suna Azzaz, wadda ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau. A wannan shekarar ce kuma Nnedi Okorafor ta rubuta wa kamfanin Marvel labarin Ngozi, ta kuma bayyana cewa 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 ne suka zaburar da ita. Mun yaba da niyyarta, amma ƙannenmu da suka karanta a waya sun lura da abin da ya kamata a lura da shi: raɗaɗin na Barno ne, jarumar kuwa a Legas take, kuma da Turanci take magana. Haka Malika: tarihin namu ne, harshen na wasu.

Akwai kuma gargaɗi ga mai son shiga wannan fage. A 2006 Naif Al-Mutawa na ƙasar Kuwaiti ya fito da jerin The 99, sadaukai da ya danganta baiwarsu da kyawawan sunayen Allah. An yaba masa a ƙasashe da dama, amma a 2014 manyan malaman Saudiyya suka yi fatawar haramta shi. Duk wanda zai zana wa al'ummarmu sadauki, wajibi ne ya san iyakar da masu karatunsa ba za su yarda a ƙetare ba.

Kammalawa

Masu iya magana kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Fiye da shekara hamsin muna auna sadaukan da wasu suka zana mana, muna karɓa muna mayarwa, amma mafi yawansu ba su iya gaisuwa da Hausa ko Kanuri ba. Alhali kuwa yaran Abbaganaram na yau sun ga abin da ya fi na takarda. Sun ji labarin rikicin 2009, sun san matasan Kato da Gora da suka tashi da sanduna a 2013, da abin da aka yaba musu da wanda aka zarge su da shi. Sun kuma ga ambaliyar Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, samari suka riƙa ciro tsofaffi da yara daga cikin ruwa. Ga tarihin Mai Idris Alauma, ga ƙattan Sau, duk suna jiran mai zane.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu na Hausa da su nemi takwarorinsu masu ilimin zane, su zauna su fito da shafi takwas ko goma, su kai wa yaran unguwa. Za su soke shi, kamar yadda muka soki na zamaninmu, kuma daga wannan suka ne za a gane gyaran da ya kamata a yi a fitowa ta biyu.